Hako, iremono ko yooki? Amsa ga ɗan uwan da ya rikice da kalmar mazubi a Japananci

Assalamu alaikum. Ɗan uwa tun shekaranjiya na ga tambayarka, aiki ne ya hana ni zama in amsa. Kace ka fara koyon Japananci saboda kana sa ran tahowa karatu, ka haddace hako a matsayin akwati, sai kuma ka buɗe ƙamus ya jero maka iremono da yooki da utsuwa duk a layi ɗaya, kanka ya ɗaure, kana so ka san wanne ake faɗa a maganar yau da kullum, kuma ko hako ɗin kaɗai zai ishe ka ga duk abin da ake zuba abu a ciki. To bari in faɗa maka iya abin da na sani, shekarata shida kenan a birnin Nagoya na ƙasar Japan, kuma kusan duk kalmomin nan ba a aji na koye su ba, a kicin da shago da wajen zubar da shara na koye su, wasu ma sai da na sha kunya tukuna.

A taƙaice hako ba zai ishe ka ba. Hako abu ne mai kusurwa, mai bango huɗu, yawanci da murfi, wato akwati ko kwali ko adaka. Kwalin sabulu hako ne, kwalin takalmi hako ne, akwatin katako hako ne. Amma in ka nuna kwalba ko tukunya kace hako, za a kalle ka kamar yadda za a kalli baƙo a Zariya in ya nuna tulu yace a miƙo masa akwatin nan. Ni yadda na riƙe ta a farko shi ne na haɗa ta da haƙo namu, irin a ce ana haƙon mutum, amma ka kula kar ka saka mata ƙ, su ba su da wannan harafin, k ce sassauƙa.

Kalmar da kake nema wadda ta tattara komai ita ce iremono. Kuma wallahi ranar da na gane yadda aka gina ta sai da na yi dariya ni kaɗai, domin daidai take da mazubi namu. Mu muna da zuba, muka fitar da mazubi. Su suna da ireru, wato sakawa a ciki, da mono, wato abu, suka haɗa ya zama iremono, abin sakawa. Haka tabemono abin ci, nomimono abin sha, norimono abin hawa, kai har kimono ɗin da kowa ya sani ma'anarsa abin sawa ne kawai a jiki. Shi yasa nake ce wa duk Bahaushen da ya zo nan ya daina bi ta Turanci in zai koyi irin waɗannan kalmomin, ya biyo ta Hausa kai tsaye, tafi kusa. In ka manta sunan wani mazubi, ko ba ka taɓa saninsa ba, iremono zai fitar da kai. Ka ce nanika iremono arimasu ka, wato ko akwai wani abin zubawa, kowa zai gane, daga yaro har tsohuwa.

Yooki kuma (ka ja o ɗin, dogo ne) ma'anarsa ɗaya da iremono amma ta rubutu ce da wajen aiki. Ita za ka gani a jikin kaya, a takardar ƙaramar hukuma, a sanarwa. Ba za ka ji uwa ta ce wa ɗanta miƙo min yooki a gida ba sai jefi jefi. Ni a masana'antar bento, wato dafaffen abincin da ake sayarwa a roba, na saba da ita. Ka san ɗalibi an yarje masa aikin wucin gadi na awa 28 a sati in ya karɓi izini, to shekarata ta farko aikin dare nake yi a wani wajen da ake shirya abincin da ake kaiwa shaguna, ana tsaye a layi robobi na wucewa a gabanka kowa na saka abu ɗaya, wani shinkafa wani kifi wani ganye. A nan robar yooki ce, murfinta futa, manyan farantan roba masu faɗi da ake jera su a ciki a ɗora wani kan wani kuma sunansu banjuu. Wannan banjuu ɗin ban taɓa ganinsa a littafin koyon yare ko ɗaya ba amma a dare ɗaya sai ka ji shi sau hamsin. Akwai wata dattijuwa da ke kula da layinmu, ba ta jin Turanci ko kaɗan, in ta ce futa ka tsaya kana zare ido sai ta ɗauko murfin ta ɗaga maka a fuska ta sake cewa futa, to kaga wannan ba ka mantawa har abada. Ni kuma duk sanda ta faɗa sai in ji kamar cewa take in huta, alhali hutun nan sai ƙarfe uku na dare.

Utsuwa ita ce ta masu ado. Kwanon tangaran mai kyau, abin da aka ƙera da hannu, wanda ake yaba shi kafin a ci abin da ke ciki, shi ake kira utsuwa. Nan jihar Aichi da nake gidan tangaran ne, akwai garin Seto da ya yi suna har kayan tangaran gaba ɗaya ake ce musu setomono, akwai kuma Tokoname kusa da filin jirgi inda ake yin 'yan butocin shayi na jar ƙasa da ake kira kyuusu. Suna kuma amfani da utsuwa a kan mutum, in aka ce wane utsuwa ga ookii, mazubinsa babba ne, ana nufin mai haƙuri ne mai ɗaukar nauyin jama'a, ba ya riƙe ƙananan abubuwa. In aka ce chiisai, ƙarami, to an zage shi a hankali. Wannan ba sai ka yi amfani da ita yanzu ba, ka dai gane ta in ka ji.

Yanzu ga inda hako ya fi rikita sabon shiga. In ya zo a bayan wata kalma yawanci sai h ɗin ta koma b. Gomi shara ce, kwandon shara gomibako, ba gomihako ba. Bentoobako robar abinci, fudebako gidan fensir na 'yan makaranta, honbako akwatin littattafai, getabako inda ake ajiye takalma a bakin ƙofa. Na yi wata biyu ina jin gomibako ban san hako ɗina ne a ciki ba, na ɗauka wata kalma ce daban. Sunan abin a nahawunsu rendaku, kuma ba hako kaɗai yake samu ba. Fukuro, wato leda ko buhu ko jakar takarda, yana komawa bukuro: gomibukuro ledar shara, kamibukuro jakar takarda, tebukuro safar hannu, wato jakar hannu kenan in ka fassara, har unguwar Ikebukuro ta Tokyo wannan bukuro ɗin ne a ƙarshenta. Sara faranti ne, ƙaramin faranti kozara. Amma kago, kwando, ba ya canzawa, kejin tsuntsu torikago ne, domin in kalmar tana da harafi mai nauyi irin g ko b ko d a cikinta tun asali to ba a ƙara mata wani. Kar ka wahalar da kanka da haddar ƙa'idar, kunnenka zai kama da kansa.

Maganar kunne, mu Hausawa muna da sa'a a yaren nan fiye da yadda muke zato. Dogon wasali da gajere mun san shi, harafi mai ruɓi irin na hannu da kunne mun san shi, don haka koppu da kappu ba sa ba mu wahala. F ɗinsu ta fukuro da futa da leɓe biyu ake yin ta, kamar yadda mu ma muke yi, tsakanin f da h, abokan karatuna da suka zo daga Turai sun sha fama da ita ni kuwa kyauta na same ta. Hawa da saukar murya ma muna da shi, yadda gora ta sanda da goran ruwa suka bambanta a bakinmu haka hashi na tsinken cin abinci da hashi na gada suka bambanta a bakin mutanen Tokyo. Inda muke faɗuwa shi ne tsu. Namu ts ɗin mai ƙarfi ne, irin na tsuntsu da tsamiya, nasu kuwa a sake yake, t da s ne kawai a haɗe ba a matse maƙogwaro. Na daɗe ina cewa utsuwa da baketsu da irin ts ɗin gida, malamarmu tana ta gyara min har ta gaji.

Baketsu ɗin nan bokiti ne, daga Turanci muka aro mu da su. Koppu kuma, wanda yake kama da kofi namu, ba daga Turanci ya zo musu ba, daga mutanen Holan ne, waɗanda su kaɗai ne Turawan da aka bari suna kasuwanci a ɗan tsibirin Dejima na Nagasaki tun daga 1641 har sama da shekara 200. Shi yasa suke da guda biyu, koppu na shan ruwa marar hannu, kappu mai hannu na shayi ko kofi wanda ya shigo daga baya. Na shayinsu na gargajiya kuma yunomi. Kwanon shinkafa chawan, duk da cha shayi ne, a gida in aka ce chawan shinkafa ake nufi, kuma kowa da nasa, uba da nasa uwa da nata yaro da nasa, ba a musanya. Na miya owan, na katako ko roba, marar nauyi saboda ɗaga shi ake yi a kai baki. Babban kwano donburi, kuma sunan kwanon ya zama sunan abincin, gyuudon shinkafa da naman sa, oyakodon shinkafa da kaza da ƙwai. Nabe tukunya ce kuma abincin lokacin sanyi ne da ake dafawa a tsakiyar tebur kowa na ɗiba. Mu ma ai muna cewa na ci kwano biyu, ba wanda ya ɗauka ƙarfen ka tauna.

Amma gaskiya makarantar da ta fi kowace koya min sunayen mazubai ita ce shara. Nagoya ba sa wasa da ita. A 1999 birnin ya ayyana dokar ta ɓaci a kan shara, bayan an fasa shirin cike gaɓar tekun Fujimae da bola saboda tsuntsayen da ke sauka a wajen, tun daga nan aka tsananta rarrabewa. Ledar ma ba kowace ba, akwai wadda hukuma ta amince da ita, mai jan rubutu ta abin da ake ƙonawa, mai kore ta wanda ba a ƙonawa, mai shuɗi ta abin da za a sake sarrafawa. Dole ka san bin, kwalbar gilashi, ka san kan, gwangwani, ka san petto botoru, gorar roba ta ruwa ko lemo, domin kowanne da inda yake zuwa. Gorar ma sai ka cire kyappu da raberu, murfi da takardar jiki, ka ɗauraye ta. Kwalin madara, gyuunyuu pakku, a wanke a farke shi a shanya. Manyan kwalaye na kaya su kuma danbooru ake ce musu, a buɗe su a ɗaure da igiya. Satina na biyu na haɗa gwangwanin kifi da kwalba da ragowar abinci a leda ɗaya na ajiye da safe na tafi makaranta, da na dawo da yamma ledata ce kaɗai a wajen, an manna mata takarda, kowa a gidan ya san ta sabon baƙon nan ce. Wani tsoho maƙwabcina ne ya zaunar da ni a bakin matakala yana ɗaga abu ɗaya ɗaya yana cewa kore wa bin, kore wa kan, kamar mai koya wa ɗan shekara uku. Na ji kunya amma daga ranar ban sake haɗa su ba, kuma har ya rasu muna gaisawa, duk shekara yana kawo min lemun da ɗansa ke aiko masa.

Daga nan sai ka ga kalmomin suna haihuwa. Aki wofi ne, akikan gwangwanin da aka shanye, akibin kwalbar wofi, akibako kwalin da ba komai. Kanzume abincin gwangwani. Kuma ka shirya riƙe shararka a jaka in ka fita, gomibako a titi yana da wuyar samu, an cire da yawa bayan harin iskar guba na jirgin ƙarƙashin ƙasa na Tokyo a 1995, wanda za ka fi gani shi ne na gefen injin sayar da lemo, shi kuma na kan da petto botoru ne kawai.

A shago kuma kalmar da za ka fara ji fukuro ce. Tun 1 ga Yulin 2020 aka daina ba da leda kyauta, yen 3 zuwa 5 ake sayarwa, don haka duk mai karɓar kuɗi sai ya tambaye ka, da sauri kuma, abin da za ka tsinta a maganar kawai fukuro ne. In kana so ka ce onegaishimasu, in ba ka so ka ce irimasen, ko daijoobu desu wanda aka fi faɗa. Ka bambanta shi da kaban, ita ce jakar makaranta ko ta tafiya, wadda ake riƙewa shekara da shekaru. Akwai wata kuma da ta taɓa cin kuɗina, tsumekae. Na je sayen sabulun wanki na ruwa na ga wani ya fi araha na ɗauka, ashe na ƙari ne, a leda yake, ana sa ran kana da gorar a gida ka juye. Mai gorar hontai ake rubutawa. Ni kuwa ba gora, sai a robar ruwa na juye shi na rubuta mata suna kar in sha da dare.

Ƙirga ma da mazubi ake yi, kamar yadda muke cewa kwali ɗaya, buhu biyu. Hitohako kwali ɗaya, futahako kwali biyu. Hitofukuro leda ɗaya ta kaya. Kwalba da gora saboda dogaye ne ippon, nihon, sanbon. Kofi ko kwano cike ippai, nihai, sanbai. Faranti da ledar wofi ichimai, nimai, don shafaffu ne. In duk ka rikice ka ce hitotsu, futatsu ka ɗaga yatsa, ba wanda zai kama ka.

Game da rubutu tunda ka ce ka fara kanji, haruffan nan nasu da suka aro daga Sin, na hako shi ne 箱. Dubi samansa, waɗannan 'yan ƙahonin biyu alamar gora ce, bambu, wanda da shi suke saƙa kayan ajiya tun da. Za ka ga alamar a kan kanjin kago da na hashi na tsinken cin abinci da na fude, alƙalamin gashi, duk kayan gora ne. Shi ne kuma harafin farko a sunan Hakone, garin ruwan zafi da ke kusa da dutsen Fuji. Akwai wani karin magana da suke yi da shi da ya burge ni, hakoiri musume, 'yar da aka saka a akwati, wato 'yar lelen da iyaye suka killace ba ta san wahalar waje ba. Da na ji sai na tuna wasu gidaje a unguwarmu.

Shawarar da zan ba ka, kar ka zauna da jerin kalmomi talatin kana bita kamar hadda, na gwada, kwana uku suke yi su gudu. Ka samo takarda da salatif ka shiga kicin ɗin gidanku yau ɗin nan, in Hajiya ta yarda, ka manna wa tukunya nabe, murfinta futa, faranti sara, bokiti baketsu, kwando kago, kwalin ashana hako, gwangwanin madara kan, kwalbar manja bin. Da hiragana, baƙaƙensu na yau da kullum, za ka rubuta ba da boko ba, na aro irin su baketsu da koppu kuma da katakana, baƙaƙen da suke rubuta kalmomin aro da su. Sannan kar ka koyi sunan shi kaɗai, ka haɗa shi da aikinsa, ireru sakawa, dasu fitarwa, akeru buɗewa, shimeru rufewa. Duk sanda ka buɗe tukunya ka ce futa o akeru, in ka saka abu a kwali ka ce hako ni ireru, ko da ƙannenka za su ce ka zautu. In ka iso kuma ka shiga shagon yen ɗari, hyakkin suke ce masa, irin su Daiso da Seria, yawancin kaya yen 110 da haraji, ka yi awa ɗaya kana karanta takardun da ke jikin robobi, duk abin da ba ka sani ba ka ɗaga ka ce kore wa nihongo de nan desu ka. Suna son a tambaye su.

Saura guda ɗaya, wadda na ajiye don ita ce ta fi ba ni kunya. Kwanana uku da zuwa na ga ba zan iya zama ba buta ba, ban kuma taho da ita ba. Na shiga wani babban shago na zagaya ban gani ba, kuma a lokacin na lura kalmomi da yawa in ka faɗe su yadda ka sani suna ganewa, sai na ce bari in gwada sa'a, na tari wata ma'aikaciya na ce buta arimasu ka. Ta ce hai da fara'arta, ta wuce gaba ina binta, muka wuce wajen robobi ba ta tsaya ba, muka wuce wajen sabulu, sai ga mu a gaban firjin nama, ta nuna min da hannu biyu. Ashe buta a yarensu alade ne. Ni da na zo neman abin alwala. Na ce innalillahi a raina, na yi mata godiya na juya, ita kuma tana tsaye tana mamakin me ya faru. Kanjinsa 豚, wannan ka haddace shi tun kafin na hako ma, domin shi za ka riƙa dubawa a bayan duk abincin da za ka saya, butaniku naman alade kenan. Kuma saboda rendaku ɗin nan da na faɗa maka futa ma yana komawa buta, akwai wani murfin katako da ake sakawa cikin tukunya a kan abinci ana ce masa otoshibuta, in ka ji shi a girki kar hankalinka ya tashi, murfi ne.

Butar dafa ruwa yakan ake ce mata, ta ƙarfe ce, ba ta yi min ba. Abin da na ƙare da shi ƙaramin jooro ne, na ban ruwan fulawa, kore mai dogon baki, shi na yi shekara biyu ina amfani da shi har wani ɗan uwa da ya je gida hutu ya taho min da ta gaske daga kasuwar Sabon Gari. Don haka in Allah ya sa tafiyar ta tabbata ka sako guda biyu a jaka, ɗaya taka ɗaya tawa, tawa ta fara tsagewa ta gindi. In ma'aikacin filin jirgi ya ɗaga ta ya tambaye ka mene ne wannan, ka ce masa mizu no iremono desu, mazubin ruwa ne, kar ka kuskura ka faɗi sunanta na gida.